Haruffan Kawu Masu Takalmi

Damina uku ke nan da aka ƙone garinmu. Da hantsi suka shigo, a kan babura. Muka watse, kowa ya bi inda fuskarsa ta duba. Ni na faɗo garin Isa. Inna, mahaifiyata, ban san inda ta faɗa ba. Ba ta cikin waɗanda aka binne, ba ta cikin waɗanda muka iso tare. A lokacin an yanke layin waya a yankinmu, ba mai kiran wani.

Wata biyu na yi ina nemanta da baki. Na je Sabon Birni, na je Bafarawa ranar kasuwa, na tare masu zuwa daga tsallaken iyaka. Tsohuwa gajera, mai zanen Gobir, tana ɗingishi kaɗan. Duk wanda na tambaya sai ya ce ya ga irinta ɗari. Da baki ya gaza, sai na koma na ɗauko allon da ke mararrabarmu, wanda aka rubuta sunan gari a jiki. Mutane suka ce na zautu. Ban zautu ba. Za ni gaya maka dalili, amma sai ka yi haƙuri in fara daga Kawu.

Ni ban yi boko ba. Wannan da kake karantawa faɗa nake yi, maƙwabcina na rubutawa.

Kawu yayan Inna ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Mai fenti ne. Yana saurayi ya tafi cin rani Maraɗi, ya zauna gun wani mai rubutu a jikin manyan motoci da goshin kantuna. Shekara shida ya yi can. Ya dawo da akwatin kwano cike da buroshi, da tari wanda bai rabu da shi ba har ya mutu. Dogo ne, siriri, farcensa kullum da baƙi a ƙasa. In ya shigo gida tun daga zaure ake jin ƙamshin kananzir. Har yau in na wuce mai gyaran mota yana wanke hannu da kananzir, sai in ji kamar in ce, sannu da aiki, Kawu.

Shi ma bai yi boko ba. Baƙi ba su yarda da wannan in an faɗa musu. Mai son rubutu sai ya fara zuwa gun malamin firamare, ya rubuta mishi abin da yake so a takarda da biro. Ya kawo wa Kawu. Kawu ya riƙe takardar nesa da fuska, ya girgiza kai.

"Malam ya aiko mini marayu," in ji shi. "Dibi ƙafafunsu. Bari mu ba su abinci."

Sai ya shafa wa zare gawayi, ya miƙe shi a kan allo, ya ja ya saki, layi ya fito. Ɗaya sama, ɗaya ƙasa. Tsakaninsu yake gina harafi, kuma gini ne, ba rubutu ba. Kaurin kowace ƙafa ya kai tafin hannu. A ƙarshen kowace ƙafa ya shimfiɗa mata gindi mai faɗi, mai kusurwa huɗu, kamar an kwantar da bulo. Wannan gindin shi yake kira takalmi. Bai san sunan haruffan ba, sai ya raɗa musu nasa. Akwai Rumbu, mai ƙafa biyu da ɗamara. Akwai Tsani. Akwai Gwafa, akwai Mai Ciki Biyu. Akwai Bakin Rijiya, wanda ba shi da ƙafar da za a sa wa takalmi, sai Kawu ya ƙara mishi ƙiba don kada ya ji haushi. Da waɗannan sunaye na san su, da su na san su har yau.

Yakan ce rubutun bakin hanya kamar zanen Gobir ne. Wanzamin da ya ji tausayi ya yi shi siriri ya cuci yaro, don in ya girma ba mai gane shi daga nesa.

Inna ba ta raga mishi. Ita kaɗai ce a gidan ke iya tsayawa kansa yana aiki. Takan zo da ƙwaryar fura ta aje, ta riƙe ƙugu.

"Yaya, ka yi wa rubutu takalmi, ƙanwarka na taka ƙasa da faso."

"Ke in anka kafa ki bakin hanya, direba zai tsaya?"

"Zai tsaya har ya sauko."

Sai ya yi dariya har tarin ya taso. Bai taɓa sayo mata takalmin ba, ita ma ba ta taɓa daina faɗi ba. Ba ta ma son takalmi. In an ba ta sai ta ɗora a ka, ta yi tafiyarta.

Garinmu ba a bakin titi yake ba. Daga hanyar Isa zuwa Sabon Birni sai ka sauka a mararraba, ka taka kamar rabin awa. Da can wata babbar tsamiya ce alamar wurin. Iskar farkon damina ta kayar da ita wata shekara, ina ɗan bakwai ko takwas. Daga nan direbobi suka riƙa wuce mu. A sauke mai kaya can gaba, ya dawo da buhu a ka. Mai gari ya kai kuka, aka aiko mana allo daga ofis, fari, da rubutu siriri kamar sawun tururuwa. Waɗanda suka kawo shi suka jingine shi ƙofar mai gari suka juya. Malamin firamare ya tafi hutu garinsu. Kawu yana Shinkafi yana yi wa wata mota rubutu. Dattawa suka juya allo nan, suka juya can, suka yi shawara, suka kai shi mararraba suka kafa. Har da addu'a.

Wata biyu yana tsaye kai ƙasa.

Wanda ya tona mu wani direba ne Bayarabe, mai ɗaukar hatsi. Ka san tsakanin Bagobiri da Bayarabe, wasa ne tun na kakanni, kowa na cewa ɗayan bawansa ne. Ya tsaya ranar kasuwa, mararraba cike da mutane, ya sauko ya dubi allo, ya kama ciki.

"Bayina, garinku ya kife ne? Ko da kai kuke tafiya a nan?"

Ya kai labarin Isa, ya kai Sabon Birni. Aka daina kiran sunan garinmu a tasha, sai a ce akwai mai sauka Kifaffe? Mai gari ya yi mako biyu bai je kasuwa ba.

Da Kawu ya dawo ya gani, bai yi dariya ba. Ya tumɓuke allon da hannunsa. Ya ce wa dattawa ba laifinsu ba ne, rubutun da bai nuna ƙafarsa ba, ba don mu aka yi shi ba. Ya samo tsohon duro, maƙerin gari ya tsaga shi ya buge ya miƙe. Kawu ya shafe shi da ruwan ɗorawa, ya bar shi kwana uku ya bushe. Malam ya dawo ya rubuta sunan gari a takarda, haruffa shida. Kawu ya gina su da baƙi, ya yi wa kowanne inuwa ja ta gefe ɗaya. Takalman ƙasa ya ninka kaurinsu kan na sama.

Da ya gama bai kai mararraba ba. Ya sa aka ɗauki allon zuwa bakin gonar mai gari, ya tura Inna can ɗaya ƙarshen, inda mutum ke komawa kamar tsinke. Ya ɗaga shi a kife. Muka ji muryarta daga nesa.

"Yaya, sun ɗaga ƙafa sama."

Ya juya shi.

"Yanzu sun tsaya."

Kawu ya dubi mai gari ya ce, in wagga ta gane, kowa ya gane.

Bayarabe ya zo ranar kasuwa ta gaba, ya taka birki tun daga nesa. Ya zagaya allon sau biyu yana neman abin faɗi. Ƙarshe ya ce bayinsa sun yi hankali, kuma yana son irin wannan rubutu a goshin motarsa. Kawu ya ce sai ya durƙusa ya gai da ubangidansa. Ya durƙusa, mutane na dariya.

Akwai wani abu da Kawu ya yi wa allon wanda ban gane amfaninsa ba sai daga baya. Ya ɗauki ƙusa da guduma, ya bi gefen kowane harafi yana bugawa kaɗan kaɗan, bai huda ba, sai dai ɗigo ɗigo da yatsa ke ji. Na tambaye shi. Ya ce fenti rana ke cinye shi, ƙarfe kuwa ba ya mantuwa.

Daga nan ya zama al'ada. Kowace kaka, in an gama ɗaure gero, sai a cire allon a kawo shi zauren Kawu. Ciyar da allo muke cewa. A wanke shi da toka da yashi, a shanya, Kawu ya sake bin ɗigon ƙusa da sabon fenti. Kowane gida ya aiko mishi da dami ɗaya. Fulanin rugar gefenmu su kawo nono, don matansu ma a nan suke hawa mota. Ranar nan zaure kan cika. Ƙamshin sabon gero, ƙamshin fenti, tsofaffi na ta ba Kawu shawara kan aikin da ba su sani ba. Wanda bai san harafi ko ɗaya ba zai gaya maka ko Rumbu ya rame bana. Mata in sun zo wucewa su leƙo su ce, a gai da masu takalmi. Ba mu karanta sunan garinmu. Ganinsa muke yi, kamar yadda kake gane fuskar ɗan'uwanka.

Ina ɗan goma ya fara ba ni buroshi. Ya ce in ciyar da harafi na uku. A ranar abokaina sun shirya zuwa haƙar gafiya, suna ta yi mini fito ta bayan danga. Na cika ƙafafun harafin da sauri. Da na zo takalmi sai na yi mishi rabi, ban kai ɗigon ƙusa ba. Na ce a raina, wa zai lura.

Kawu ya duba. Bai ɗaga murya ba.

"Tuɓe takalminka. Je ka mararraba ka dibo mini ko turakun allo na nan lafiya."

Ka san hanyar gona da kaka. Ƙarangiya ta bushe, tsidau ya zuba. Na aje takalmana na taya na kama hanya. Ban kai rabi ba na zauna ina kuka, tafin ƙafata kamar bushiya. Ina ɗaga kai sai ga Kawu, ashe yana bayana tun daga gida, takalmana a hannunsa. Ya zauna a ƙasa, ya ɗora ƙafata kan cinyarsa, ya fiddo matsefata ya riƙa cire ƙayar ɗaya ɗaya yana hura mini.

"Kai rabin hanya ka yi," in ji shi. "Shi shekara zai yi tsaye."

Ya goya ni har gida, yana tari. Inna ta yi kwana biyu ba ta yi mishi magana ba. A na ukun ta aika mishi tuwo da man shanu, ta ce a gaya mishi na marayunsa ne.

Na girma, na yi aure, na yi noma. Ban zama mai fenti ba, allon nan kaɗai na iya. Aikin Kawu kuma ya yi ta ja baya. Aka zo da rubutun na'ura, wanda ake bugawa a kan leda a birni, da hotuna da launi iri iri. Masu shago suka koma can. Bai zage su ba. Ya taɓa shafa wata a Isa, wadda rana ta riga ta kashe, ya ce na'ura ta iya rubutu amma ba ta san ranar Gobir ba. Daga baya yanar ido ta rufe mishi gani. Ciyar da allo ta dawo hannuna. Yakan zauna gefena ya ɗora yatsa kan ɗigon ƙusa, yana gaba, buroshina na biye. In na kauce sai ya ji a ɗanyen fenti, ya buge mini hannu, ina da 'ya'ya uku a lokacin.

Ya rasu da bazara, shekara biyu kafin abin ya iso mu. Allah ya ji ƙansa, bai gani ba. Abin da ya bar mini akwatin buroshi ne, da magana ɗaya: kada in bar allo da yunwa. Akwatin ya ƙone da ɗakin.

To, ka ji abin da ya sa na koma. Na zauna a tashar Isa ina kallon mutane irinmu ana saukewa, kowa da ƙullin tsumma, ba wanda ya san wani. Akwai takardun cigiya manne a bango. Inna ba za ta karanta takarda ba, ko da sunanta ne a jiki. Ni ma haka. Amma akwai rubutu ɗaya a duniya da ta taɓa ganewa daga ƙarshen gona.

Na ari jaki, na fita bayan sallar asuba. Matata ta riƙe mini riga, na cire hannunta. Na isa mararraba rana ta ɗaga. Allon na nan. Turke ɗaya ya ƙone, ya karkace, hayaƙi ya rufe shi, harsashi ya huda shi wuri uku. Ban shiga gari ba. Na dubi hanyar, ciyawa ta cinye ta. Na ɓamɓare allon na ɗora wa jaki.

Ban yi nisa ba aka kira ni daga gindin wata bagaruwa. Mutum biyu, da bindigogi.

"Kai, mi ka ɗauko?"

"Kwano."

"Na mi?"

"Ƙyauren ɗaki za ni yi."

Ɗayan ya goge hayaƙin da hannun riga, ya ƙura ido.

"Mi anka rubuta?"

"Ban yi boko ba."

Suka dubi juna. Suka ture allon ƙasa, suka kora jakin. Na ɗora ƙarfena a ka. Na shigo Isa bayan la'asar, wuyana ya ƙage. Mai jakin ya dube ni, ya dubi abin da na ɗauko, ya ce Allah ya sawwaƙe, ya yafe.

Na wanke shi da toka da yashi. Fentin ya tafi kusan duka. Na shafa da yatsa, ɗigon ƙusa na nan, ko ɗaya bai ɓace ba. Wani mai gyaran jikin mota ya ba ni ragowar fenti a gwangwani. Ruwan ɗorawarsa bai kai na Kawu ba, baƙin ma kaɗan ne. Na tauna kan ƙirare ya zama buroshi. Na bi ɗigo, harafi shida, ina tattalin baƙin kada ya ƙare. Ramukan harsashi na bar su yadda suke. Na ɗaure allon jikin dogon-yaro a bakin tasha, daidai inda motocin Sabon Birni da na iyaka ke rage gudu. A nan nake dako.

'Yan kamasho suka yi ta dariya. Alamar garin da babu, in ji su. Shugabansu ya ce in cire, zai ruɗa direbobi. Na ce ya ba ni kasuwa biyu. Kafin kasuwa ɗaya ta zagayo, ɗan maƙerinmu ya tsaya gaban allon da keke, ya fashe da kuka kamar yaro. Sai wata mata daga unguwar gabas. Sai wani tsohon Bafulatani na rugarmu, shi ma an kore su, ba saniya ko ɗaya. Ya dafa allon ya ce, masu takalmi, ku ma kun yi gudun hijira? Kowa ya zo da labarin wani. Mata biyu suka samu mazansu a gindin itacen nan. Shugaban tasha bai ƙara maganar cirewa ba.

Ba wanda ya ga Inna. Na ƙirga kasuwa shida.

A ta bakwai, da azahar, ina ɗauke da buhun dawa, na ji ana dukan rufin mota kamar za a fasa. Wata akori-kura ce cike da mutane, daga iyaka ta fito za ta Gusau, ba ta da niyyar tsayawa Isa. Direba ya taka birki, ya sauko yana faɗa, wace tsohuwa ce za ta lotsa mishi mota. Aka sauko da ita. Ta rame har ban gane ta ba sai da ta taka. Daga baya na ji wasu bayin Allah ne suka riƙe ta can tsallake, za su wuce da ita gun danginsu. Da a ce motar ta wuce, da shi ke nan.

Ba ta dubi kowa ba. Ta ɗingisa har gaban allon ta tsaya. Na yar da buhun.

"Wa ya ciyar da shi?" ta ce.

"Ni ne, Inna."

Ta juyo. Ta daɗe tana dubana. Ta sake duban allon.

"Na ukun nan ka sake rage mishi takalmi."

"Fenti ne ya ƙare."

"Haka ka ce wancan karon."

Ban ce haka ba wancan karon, amma ban yi musu ba. Ta zauna a ƙasa. A nan na ga tafinta. Ya tsage, ya yi baƙi, wani wurin da tsumma a ɗaure. Na tuɓe takalmana na sa mata. Sun yi mata yawa. Ba ta ɗora su a ka ba.

Yanzu ina Isa. Ina dako a tasha. Mun samu ɗaki biyu bayan kasuwa, Inna na ɗaya da jikokinta. Gidaje goma sha ɗaya na garinmu sun san inda juna suke. Allon na ɗaure jikin dogon-yaro. An gama ɗaure gero a wurin waɗanda suka samu yin noma, shekaranjiya na sauke shi na ciyar da shi, Inna na zaune tana duba mini na ukun. Turke ɗaya mai lafiya na can mararraba. Ban tumɓuke shi ba.